Yadda Ɗaliban Zane Suka Koya wa Kantunan Landan Saurin Yayi

Kusan kowane gari a Ingila yana da titi guda da kantuna suka yi wa layi hagu da dama, wanda mutanen ƙasar ke kira High Street. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan titin ya zama sunan wani nau'in sutura: kaya 'yan kanti masu sauƙin kuɗi, waɗanda ba a auna jikin kowa kafin a ɗinka su, kuma ba a sa rai su shekara suna yayi. Araha tana cikin abin da ya raba wannan kasuwa da shagon tela, amma babbar alamarta sauri ce. Rigar da aka sa wa mutum-mutumin bakin kanti yau, bayan 'yan makonni an tuɓe ta an sa wata, kuma wanda ya koma nemanta ba lallai ya same ta ba. Masu bayani sukan ɗora wannan sauri a kan manyan kamfanoni da kwamfuta da masana'antun Asiya. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai daga tsakiya suka kamo labarin. A ganina saurin yayi a Landan ya fara ne a hannun 'yan makarantar zane da ba su da jarin sayen yadi da yawa. Abin da rashi ya tilasta musu shi ne masu kuɗi suka gani ya yi kyau, suka ɗauka suka mayar da shi tsarin kasuwanci, suka bar ɗalibin a baya.

Kafin ɗalibai su shigo, kaya 'yan kanti sun daɗe a ƙasar. Marks & Spencer ya faro ne daga tebur guda a kasuwar Leeds a 1884. Montague Burton, Bayahude ɗan ci-rani daga Lituweniya, ya buɗe shago a Chesterfield a farkon ƙarni na 20, ya kuma kai ga tufatar da miliyoyin maza da kwat daga masana'antarsa ta Leeds. Wannan kasuwa tana da girma, amma tafiyar hawainiya take yi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara ɗaure ta: daga 1941 zuwa 1949 ba a sayen tufafi sai da takardar rabo ta gwamnati, wadda da farko maki 66 ne ga mutum a shekara. Da aka saki mara, Faris ce ta ci gaba da yanke hukunci. Christian Dior ya fito da dogon siket mai cin yadi a 1947, kuma tsarin shi ne manyan gidajen ɗinki na Faransa su nuna kaya sau biyu a shekara, masu kwaikwayo su kwafa, abin ya gangaro sannu a hankali har ya iso kantin talaka bayan watanni. Budurwa 'yar shekara goma sha bakwai tana fita da irin shigar uwarta, domin babu wanda ke ɗinka mata nata.

A daidai lokacin ne gwamnati ta buɗe wata ƙofa ba da nufin sutura ba. Dokar ilimi ta 1944 ta mayar da karatun sakandare kyauta, ƙananan hukumomi suna ba ɗalibai tallafin ci da kwana, dokar 1962 kuma ta wajabta wannan tallafi ga masu karatun digiri da makamancinsa. Makarantun zane sun cika ƙasar, har ƙananan garuruwa suna da nasu, kuma su ne mafakar yaron da ke da basira amma ba ya son ofis ko masana'anta. A 1948 Royal College of Art ta buɗe sashen tsara tufafi ƙarƙashin Madge Garland, wadda ta yi aiki da mujallar Vogue, sannan Janey Ironside ta karɓe ta a 1956. Ranar ɗalibi a irin waɗannan ajujuwa ta hannu ce fiye da ta baki. Zai zana jikin mutum har idonsa ya san inda kafaɗa ke sauka, ya yanka fasalin rigar a takarda, ya fara gwada ta da akoko mai arha a jikin mutum-mutumi, ya soke da allura, ya warware, ya sake, sai malami ya yarda kafin almakashi ya taɓa yadin gaske. Wanda ya yi shekara uku a haka yana iya ɗaukar riga daga tunani ya kai ta jikin mutum shi kaɗai, ba tare da jiran mai zane daban, mai yanka daban, mai ɗinki daban ba, kamar yadda ake yi a masana'anta. Ossie Clark, wanda ya taso a arewacin Ingila cikin iyali mai 'ya'ya da yawa, da wuya ya ga ƙofar Royal College of Art in ba don kuɗin gwamnati ba. Ya gama a 1965, kuma cikin watanni kayansa suka shiga Vogue.

Wadda ta fi nuna yadda rashi ya haifi sauri ita ce Mary Quant. Iyayenta malaman makaranta ne 'yan asalin Wales, sun hana ta karatun ɗinki, don haka zane ta karanta a Goldsmiths. A 1955 ita da Alexander Plunket Greene, wanda ta aura daga baya, da abokinsu Archie McNair suka buɗe shago mai suna Bazaar a titin King's Road da ke unguwar Chelsea. Niyyarta ta farko ita ce ta saro kaya ta sayar, amma ta rasa irin abin da take so a wurin dillalai, sai ta shiga ajin dare tana koyon yanka, ta sayi takardun fasali na kanti tana sauya musu kama, ta fara ɗinki a ɗakin da take haya. Yadin ma a kantin Harrods take saye a farashin ɗai-ɗai, kamar kowace matar gida, domin ba ta san hanyar sari ba. Cinikin yau shi ne kuɗin yadin gobe: a sayo da safe, a ɗinka da dare, a rataye a shago washegari. Duk ɗan kasuwar da ya san kansa zai ce wannan hanyar karyewa ce, amma a duba abin da ta haifar. Wanda ba ya iya sayen yadi sai kaɗan ba zai ɗinka riga iri ɗaya ɗari biyar ba. Goma zai yi, in sun ƙare ya yi wasu daban. Kenan mai saye da ta leƙo ranar Asabar za ta ga abin da babu shi a Asabar ɗin da ta wuce, kuma ta san in ta yi jinkiri ya tafi ke nan. Sannan mai zanen tana tsaye a cikin shagon, tana ganin abin da aka ɗauka da abin da aka mayar, tana jin 'yan mata na cewa a ƙara rage tsawon siket. Kaya kaɗan, sauyi akai-akai, da kunne a bakin mai saye: waɗannan su ne ginshiƙan kasuwar da manyan kamfanoni ke kashe biliyoyi a kanta yau, kuma duk ukun suna nan a ɗan shagon da bai da jarin mako guda.

Na baya suka bi sawu. Marion Foale da Sally Tuffin sun fito daga ajin Ironside a 1961 suka ƙi neman aiki a masana'anta, suka fara ɗinki a gidan haya, kuma daga cikin waɗanda suka fara sayen kayansu akwai sashen matasa da kantin Woollands ya buɗe a shekarar mai suna 21 Shop, inda Vanessa Denza ke zaɓo kaya kai tsaye daga hannun sababbin masu gama makaranta. Barbara Hulanicki, haifaffiyar Warsaw da ta yi karatun zane a Brighton, ita ce ta sauko da farashin ƙasa. A 1964 jaridar Daily Mirror ta buga hoton wata rigarta mai ɗigon murabba'i ruwan hoda da fari a kan sule 25, aka aiko da oda kusan 17,000 ta gidan waya. A shekarar ta buɗe shagon Biba a Kensington, inda mai aikin ofis da albashin mako za ta iya sayen sabuwar riga ta sa ta 'yan lokuta ta wuce wurin. Tunanin cewa tufafi abu ne da ake ci kamar ƙwalam, ba kadara da ake adanawa a akwati ba, a nan ya samu gindin zama. Lokacin da mujallar Time ta Amurka ta sa Landan a bangonta a watan Afrilun 1966 a matsayin birnin da ke tashe, shekara goma ke nan da fara abin.

Masu jari ba su yi barci ba. Kantin Peter Robinson ya ware wa 'yan mata wani sashe a Sheffield a 1964 ya sa masa suna Top Shop, Chelsea Girl ya biyo baya a 1965, Miss Selfridge a 1966, dukkansu da kiɗa da duhun fitila da kayan da ke juyawa da wuri, kwafin ƙananan shagunan Chelsea da Kensington. Su kansu masu zanen sun miƙa hannu: Quant ta ƙulla yarjejeniya da J.C. Penney na Amurka a 1962 ta kuma fitar da layin kaya masu rangwame mai suna Ginger Group a 1963, kamfanin Radley kuma ya sayi shagon da Ossie Clark ke wa aiki a 1968 ya riƙa buga kayansa da yawa. Abin dariya a nan shi ne, a daidai lokacin da ɗaliban Ironside ke kawo wa ƙasar suna da kuɗin waje, Royal College of Art ta samu matsayin jami'a a 1967 amma aka ce sashen tufafi bai cancanci ba da digiri ba. Ironside ta ajiye aiki a 1968, daga baya aka janye hukuncin.

Za a iya cewa na ba ɗalibai girman da ba nasu ba. Aljihun matasa ne ya yi aikin, in ji mai wannan ra'ayi: bayan yaƙi aiki ya wadata, yara 'yan shekara goma sha biyar suna barin makaranta su kama albashi, kuma duk inda kuɗi ya taru wani zai zo ya kwashe. Ga John Stephen, ɗan Glasgow da bai taɓa shiga makarantar zane ba, amma shi ya mayar da Carnaby Street cibiyar kayan samari. Ga kuma ƙananan masana'antun gabashin Landan, na Yahudawa da 'yan Cyprus, da za su iya ɗinka riga hamsin cikin kwana biyu. Ba don su ba da Biba ba ta cika odar 17,000 ba. Sannan talaucin Quant ma akwai alamar tambaya a kansa, tunda fam 5,000 da Plunket Greene ya gada na cikin kuɗin da aka kama shagon da su, kuma kayan Bazaar sun fi ƙarfin yarinyar masana'anta. Duk wannan gaskiya ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma kuɗin matasa da keken ɗinkin gabashin Landan suna nan tun farkon shekarun 1950, manyan kantuna suna kallonsu, ba su yi komai da su ba, domin tsarinsu na oda mai yawa wata shida kafin lokaci ba ya barin su gwada abin da ba a tabbatar ba. Sai wanda shi kansa matashi ne, ya iya yanka da hannunsa, kuma asararsa in abin bai karɓu ba yadi biyar ce, shi ya iya gwadawa. John Stephen ma haka ya fara, da ɗaki guda da kaya kaɗan. Bambancinsa da sauran shi ne makarantun zane suna fitar da irinsa da dama kowace shekara, an ciyar da su shekara uku suna kuskure a kan akoko ba tare da mai gida na ƙirga musu yadi ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Kamfanin da ya kai sauri matuƙa ba na Landan ba ne. Amancio Ortega ya fara da kai saƙo a shagon riguna a garin A Coruña na Sifaniya yana yaro, ya buɗe Zara a 1975, kuma ƙarfinsa yana ga masana'antu na kusa da gida da bayanan ciniki da ke komawa hedikwata kullum, abin da ke sa sabon fasali ya isa kanti cikin makonni kaɗan. Babu hujjar cewa daga King's Road ya koyo. Ban ce jini ɗaya ne ba, kuma ba sai an ce haka ba. Abin lura shi ne injin Ortega yana yin da gangan abin da Quant ta yi bisa dole: a yi kaɗan, a ga abin da ya tafi, kada a maimaita. Kuma da Zara ta buɗe a Regent Street a 1998, ta tarar da masu sayen da tun zamanin Biba da Top Shop aka shekara talatin ana koya wa leƙa kanti kowane mako. H&M ta riga ta shigo tun 1976, Primark ma tun kafin nan. Abin da ya canza a wannan zango shi ne inda keken ɗinkin yake. Marks & Spencer, da ta daɗe tana alfaharin cewa kusan duk kayanta ɗinkin gida ne, ta juya wa masana'antun ƙasar baya a ƙarshen shekarun 1990, sannan a farkon 2005 aka cire ƙa'idar duniya da ke iyakance yawan tufafin da ƙasashe irin su Sin ke iya shigarwa Turai. Saurin ya zauna a Landan, ɗinkin ya yi ƙaura.

Wannan ƙaura ce ta sauya makomar ɗalibi. Makarantun ba su daina fitar da gwanaye ba. John Galliano ya gama makarantar zane ta Saint Martin's a 1984 yana aikin sa wa 'yan wasa kaya a National Theatre don ya samu na kashewa, kuma Joan Burstein ta kantin Browns ta saye kayan jarrabawarsa gaba ɗaya ta sa a taga. Alexander McQueen, ɗan direban tasi da ya bar makaranta yana da shekara 16 ya yi almajirancin ɗinkin kwat a Savile Row, ya gama digiri na biyu a Central Saint Martins a 1992, wata mai suna Isabella Blow ta saye nasa kayan. Amma ba su gina kasuwarsu a kan ɗan shagon unguwa kamar na farko ba. Hayar shago ta yi tsada, masana'antun da za su karɓi ƙaramar oda suna rufewa, kuma babban kanti na iya sayar da makamanciyar rigar a farashin da bai kai kuɗin yadinta ba. Sai hanya ta rabu biyu. 'Yan ƙalilan suka haura Faris: Galliano da McQueen zuwa Givenchy a 1995 da 1996, Stella McCartney zuwa Chloé a 1997. Mafi yawa suka shiga ɗakunan zane na manyan kantuna, inda aikin shi ne a duba abin da ke tashe a zana shi a kwamfuta a aika wa masana'anta a Turkiyya ko Bangaladash. Baje kolin Graduate Fashion Week da aka kafa a 1991 kasuwar ɗaukar ma'aikata ce a aikace, kuma Topshop, da ta fara ɗaukar nauyin shirin tallafa wa sababbin masu zane na NEWGEN a 2001, ta san abin da take saye da kuɗinta.

Rayuwar ɗalibin yau ta fi komai nuna juyin. An sa kuɗin makaranta fam 1,000 a 1998, ya koma 3,000 a 2006, ya kai 9,000 a 2012, kuma a 2016 aka soke tallafin ci da kwana a Ingila aka mayar da shi bashi. Ɗaliban ƙasashen waje, waɗanda suka cika azuzuwan, suna biyan fiye da ninki biyu. Yadin kayan jarrabawar ƙarshe daga aljihun ɗalibi yake fita. Shekarar sanin makamar aiki sau da yawa babu albashi ko kuma ɗan abin motar haya ne, a birnin da hayar ɗaki kaɗai ke cinye abin hannun mutum, wato kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Da yawansu kuma a ranakun Asabar da Lahadi suna linke riguna a kantunan Oxford Street, su ne masu jera kayan da aka koya musu a aji su raina. Ana iya cewa intanet ta dawo musu da ɗan shagon da suka rasa, tunda da manhajojin Instagram da Depop ɗalibi na iya ɗinka riga goma ya sayar daga ɗakinsa. Hakan ya fi komai kama da Bazaar, amma da bambanci guda: Quant tana da watanni kafin mai kwaikwayo ya riske ta, shi kuwa wanda ya ɗora hoto yau ya nuna wa mai saye da mai kwafa a lokaci guda.

Kuɗin wannan gudu wasu ne ke biya. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ya kashe mutum 1,134, akasarinsu masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka kaya. Abin da aka sa sau biyu aka gaji da shi kuma ana ɗaure shi dila-dila ya gangaro Afirka, ya sauka a Kantamanto ta birnin Akra ko ya ƙarasa wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano, inda mai buɗe dila ya fi kowa sanin cewa yadin yanzu bai kai na da ƙwari ba. Shi kansa babban titin bai tsira ba: Biba ta rufe tun 1975, kamfanin da ya mallaki Topshop ya durƙushe a ƙarshen 2020, ASOS mai ciniki ta intanet ta sayi sunan a 2021, katafaren ginin Topshop na Oxford Circus kuma IKEA mai sayar da kujeru da gadaje ta saye shi. A cikin azuzuwan kuwa rashi ya sake haifar da salo. Ɗaliban da sabon yadi ya fi ƙarfinsu, ko kuma zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba, sun koma warware tsofaffin kaya suna haɗa sababbi. Priya Ahluwalia, 'yar Landan da mahaifinta ɗan Nijeriya ne mahaifiyarta 'yar asalin Indiya, ta ga tulin gwanjo a kasuwannin Legas da garin Panipat na Indiya, ta dawo ta gina kayan digirinta na biyu a Jami'ar Westminster a 2018 da tsofaffin tufafi da ragowar yadi. Bayan haka kamfanin da ya ba ta babbar lambar yabonsa ta sababbin masu zane shi ne H&M.